Tsarabar Abijan

Alƙasum ya dawo Tawa daga Abijan ɗauke da ajalinsa. Ajalin dai bai hana shi ƙiba ba.

Shekara biyu ya yi can yana tallar agoguna, yana kame kansa, in ban da rana guda a unguwar Tirashbil. Ko ranar ma, shi da wata mai sayar da abinci, abin bai wuce na baki ba, dabarar da a lokacin ya ɗauka tsantseni ce. Sai a motar dawowa wani ɗan Kalfu ya rantse masa cewa sida, wato cutar ƙanjamau, ba ta bambanta ƙofa da taga.

Tun daga nan ko ƙurji ya fito masa a dasashi sai ya ga likkafani. Kullum yana duban harshensa a madubin babur ɗin maƙwabci. Amma abin da ya fi ci masa rai matarsa ce, Habsatu, baiwar Allah da ta jira shi ba ƙorafi. Ya ƙudura in ma tafiyar ce, ba zai ja ta ba. Ya ware moɗarsa, ya ware akushi, ya mai da shimfiɗarsa zaure, ya ce zafi ne.

Sai ma ya tarar Habsatu tana da tata moɗar, har da jan zare a wuya. In rediyo ya fara shirin sida, ita ke ƙara murya. Mace mai hankali, in ji shi a ransa.

Ma'aikatan lafiya suna yajin aiki, kamar kowa a shekarun nan. Da suka koma, ya je wurin Majo Ɗahiru, babban ma'aikacin asibitin unguwa. Ya fara da labarin wani abokinsa, ya ƙare da kuka.

Majo bai ko yi dogon tunani ba.

"Ta wannan hanya? Haɗarin kaɗan na, ba dai babu ba. Yi gwajin jini ka huta." Ya leƙo shi ta saman tabarau. "Kai ba maigidan Habsatu ba na? To mi ya kawo wannan wahala? Ai tun bara ta zo mini da tambayar ga, na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ba ta hwaɗa maka ba?"

Alƙasum ya yi godiya, ya fito ƙirji sakayau, har bakin titi. Nan ya tsaya.

Bara yana Abijan.