Ɗan Jiwa Bai Taɓa Tambayar Sunansa Ba

Kwamfutar ta sake sandarewa, karo na huɗu tun safe, kuma gobe za a gwada na'urar ɗaukar hoton yatsa a gaban masu saye.

Yamusa ne shugaban sashen manhaja a kamfaninsu da ke Wuse. Shi ake kira da gwanin kanel, wato can cikin cikin kwamfuta, inda kuskuren layi ɗaya ke kayar da komai. Modul ɗin, wato guntun manhajar da ke buɗe fayil ɗin na'urar, ya karanta, ya rufe, da sunansa aka san shi.

Gaskiyar ita ce bai iya ba. Shekara biyu ke nan yana tura tambayoyi da sunan bogi ga wani mutum a zauren masu manhaja na intanet, mai kiran kansa Ɗan Jiwa. Ya kwafo saƙon kuskuren da kwamfuta ta nuna yadda yake ya tura, gyara ya dawo, shi kuma ya kai taro yana gyara zaman hula. Bara da Ɗan Jiwa ya yi shiru wata biyu, Yamusa hutun rashin lafiya ya ɗauka.

Ranar Litinin Hussaina, mai gwada manhaja, wadda ke zuwa da goyo tana barinsa wurin mai raino a ƙasan bene, ta kawo masa wasu layukan gyaran manhaja. Ya duba. Sak irin waɗanda Ɗan Jiwa ya turo masa ne. A ransa ya ce ashe ta shiga wasiƙunsa, ta ga asirinsa.

Sai ya riga ta. A gaban kowa ya ce ta buɗe kwamfutarsa ta saci aikinsa.

"Oga, ban taɓa maka komai ba," ta ce a hankali.

Ranar aka sallame ta. Kwana uku ke nan ba ya iya kallon kujerarta.

Yanzu ga modul ya ƙi, ga gobe ta ƙarato. Ya rufe ƙofa ya rubuta wa Ɗan Jiwa, ya manna saƙon kuskuren. Sai ya samu kansa yana ƙarawa: ya sa an kori wata baiwar Allah a kan sata, alhali shi ne ɓarawon, kuma kunya ta hana shi cin abinci.

Amsa ta zo bayan la'asar. Idan karatun fayil ya gaza, modul ɗin yana fita bai saki makullin da ya sa wa fayil ɗin ba, sai mai buɗewa na gaba ya yi ta jira har abada. Layi ɗaya zai ƙara.

Ya ƙara. Sau ɗari biyu aka dangwala yatsa, kwamfutar ba ta ko yi tari ba.

Sai a lokacin ya lura da sauran saƙon a ƙasa: "Sunan kwamfutar ofis yana fitowa a duk abin da kake mannowa, oga, tun wasiƙar farko na san kai ne. Hussaina."