Ƙarƙashin Teburin Tanti Salima

Salima na cikin wanke hannu ta ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Ta leƙa ta kafar ƙyaure, ta ga mace da tabarau da jaka a hammata tana sallamar mai babur. Mai binciken da aka ce za a turo kafin a ba ta takardar izinin renon yara ce, yau ta ga damar zuwa, ba ko sanarwa.

Gida dai a shirye yake. Teburin canza wa yara kush, wato ƙunzugu, kafinta ya yi masa katanga a gefe don kada yaro ya mirgino. Katifa mai leda a sama, bokiti mai murfi a gefe, buta da sabulu kusa da hannu, madafa kuwa can ƙarshen gida. Abu ɗaya ne ya ɓata miya: izinin yara shida ta nema, ga shi bakwai ne kwance a tabarma. Tun farko kuma an gaya mata, in aka samu ƙarin ko yaro ɗaya, rufe gidan za a yi.

Na bakwan shi ne Ya'u, ɗan wata biyar. Kakarsa, Iya Habsatu mai saida gero, ke kawo shi daga Tsibiri da safe, kafin azahar ta zo ta ɗauke shi, wai za ta kai shi ya sha nono. In an tambaye ta uwarsa, sai ta ce, "Tana wurin aiki," ta tsuke baki. Roƙo ta yi ta yi har Salima ta ji nauyinta ta karɓi yaron.

Salima ta sunkuci Ya'u yana barci, ta kwantar da shi cikin babban kwando, ta tura ƙarƙashin teburin, ta saki zanen da ke rufe ƙafafun teburin har ƙasa.

Baƙuwar ta yi sallama, ta ce sunanta Madam Balkisu. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan da aka miƙa mata ba. Idonta kai tsaye ya tafi tabarma. Ta ƙirga yaran, ta tambayi sunan kowa, ta sake ƙirgawa.

"Su ke nan?"

"Su ke nan, Madam. Shida cif."

Madam ta leƙa ɗaki. Ta leƙa bayan ƙyaure. Har makewayi sai da ta duba. Ta dawo goshinta na tsatsafo da gumi.

"Tanti, yau ba wanda aka kawo, bayan waɗannan?"

"Wa kuma, Madam?"

Madam ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta rufe. Salima ta ce a ranta, shi ke nan, maƙwabta sun kai tsegumi.

"To, nuna mini yadda kike canza musu," in ji Madam. Muryarta na rawa, Salima kuwa ta san rawar murya irin ta mai fushi.

Salima ta ɗauko Raihanatu, ɗiyar wata mai kawo tumatir daga Jiratawa, ta kwantar a kan teburin. Hannu ɗaya a cikin yarinya, ɗaya na aiki. Ta goge daga gaba zuwa baya, ta naɗe kush mai ƙazanta, ta miƙa hannu ta buɗe bokiti. Hannun nan da bai taɓa ba ta kunya ba, yau shi ya ci amanarta. Murfin ya suɓuce, ya faɗi kan siminti, ƙwaram!

Gida ya yi tsit.

Ni dai tun da nake ban taɓa jin tebur ya yi kuka ba, amma na Salima ran nan ya yi, har da shessheƙa.

Madam ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta rungume jakarta a ƙirji. Salima ta durƙusa, ta jawo kwandon.

Madam ba ta kalli yaron ba. Ta juya fuska bango, ta ƙura wa kalanda ido kamar za ta haddace ta. Ba ta tambayi sunansa ba, ba ta tambayi ɗan waye ba.

"Ya jiƙe," ta ce da bango. "A canza masa. Da ruwan ɗumi."

Salima ta sauke Raihanatu, ta canza masa, ta wanke hannu da sabulu, hawaye na ɗiga cikin kumfar. Ya'u bai yi shiru ba, sai ma ƙara tsala ihu yake.

"Madam, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Gidan nan shi ne cina, shi ne shana."

"Doka doka ce," in ji Madam da ƙaramar murya. Biro na hannunta, ba ta rubuta komai ba, jakar kuma ba ta bar ƙirjinta ba.

Ana haka Iya Habsatu ta yi sallama, ƙwarya a ka. Ta dubi kwando, ta dubi yaro, ta dubi bayan Madam.

"Iya, kin ja mini," in ji Salima. "Ga shi za a rufe gidan saboda jikanki."

Tsohuwa ta sauke ƙwaryarta a hankali. Ta karɓi Ya'u, ta taka har gaban Madam, ta fizge jakar. Gaban rigar Madam ya jiƙe sharkaf.

"Rufe mana, Balki, gobe sai ki goya shi zuwa wurin aikin," in ji Iya Habsatu. "Kunyar ɗan fari ta hana ki kiran sunansa, to ga rigarki ta tona ki, karɓi ɗanki ki ba shi nono."