Ɗinkin Rigar Ruwa

Zaren ya sake tsinkewa. Mai babur ya ja tsaki, ya leƙa waje, ya dawo. Yagewar da ke hammatar rigar ruwansa ba ta kai tafin hannu ba, amma tela ya mai da ita aikin wuni guda.

Tun ɗazu aka tashi 'yarsa daga makaranta. Yana hango ta a ransa, rakuɓe a bakin ƙofa da jaka a ka, ita da ko ƙaramar tsawa aka yi sai ta ƙanƙame shi. Zama ya gagare shi. Ya hau benci, ya miƙe, ya kaɗa makulli, ya duba waya.

"Baba, don Allah ka hanzarta, 'yata na jirana a makaranta. Ga keken ƙafa can a lungu, ba ya fi sauri ba?"

"Wancan ya yi ritaya," in ji tela, yana murza keken hannu kamar mai jin barci, da tsohon bargo lulluɓe a cinyarsa. Ya jawo wata fasasshiyar hular kwano da ya mayar mazubin zare da maɓallai, ya shiga lalube. "Ruwan farko ne wannan, ɗana. Duk man da motoci suka ɗiga yanzu yake tasowa, kwalta ta zama sabulu. Ka damƙi birkin gaba a kwana, sai dai a kwashe ka."

Mai babur ya yi dariyar takaici. Yau ga tela da koyar da tuƙi! Mutumin da tun shigowarsa ko motsawa daga kujera bai yi ba. Na zaune ai bai ga gari ba.

Sai ga wani babur ya shawo kwanar gaban shagon a guje. Tayar baya ta zame, ƙarfe ya karci kwalta, mahayin ya gangara cikin kwata. Mutane suka ɗago shi yana ɗingishi, gwiwar hannunsa jina-jina.

"Bai iya ba ne," in ji mai babur, amma muryarsa ta yi ƙasa.

"Kira malamarta ta riƙe maka ita," tela ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Gara ta yi kukanta a cikin aji."

Ya kira, yana ƙunƙuni. Ko da ya juyo, sai ya tarar tela ya farke ɗinkin kaf, wai ya karkace. Ransa ya yi mugun ɓaci. Ba don furfura ba, da ya fizge rigarsa ya yi gaba.

Ruwa ya tsagaita, ya koma yayyafi, ya ɗauke. Nan take hannun tela ya warware, kafin ƙiftawar ido ɗinki ya fito tsaf.

"Au, dama da gangan ka riƙe ni?"

"Ni ma na iya, ɗana. Ni ma yarinya zan ɗauko a ranar."

Tela ya yaye bargon, ya laluɓo sandar guragu daga ƙarƙashin teburi ya miƙe, ƙafar wandonsa ta dama, wato ƙafar taka birki, a naɗe take daidai gwiwa.