Ƙwaryar Bayan Randa

"Water, ruwa. Skin, fata. Goat, akuya."

Nata'ala ya ja tsaki, ya tofar da yawu. Sati uku ke nan, kullum da la'asar, yana jin wannan ƙazanta tana fitowa daga ɗakin ƙanensa Ɗantani. Shi fa a cikin warin jima ya tashi, ya saba da ɗanyar fata da ƙudajenta a Ƙofar Wambai, amma wallahi bai taɓa jin abin da ya tayar masa da zuciya kamar Turanci a bakin ɗan'uwansa ba. Magana sai ka ce mutum na tauna tsakuwa.

Wani kamfanin Turawa mai sayen fata a wajen gari ne ke neman mai duba kaya, wanda ya san fata kuma ya san kalmomin Turanci ɗari. Ranar Litinin ta ƙarshen wata Bature zai gwada masu nema. Ɗantani ya samu wani akawu ya karanta masa kalmomin, ya kwafe su da ajami tunda bai iya boko ba, ya duƙufa a kansu. In ya ci, zai bar rumfar da ubansu Malam Sani ya bar musu, ya sa gajeren wando, ya riƙa sara wa Nasara. Ɗan gidan Malam Sani guda! Tir.

Nata'ala ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya kai ƙara wurin mahaifiyarsu. Inna ta ce, "Ƙyale shi, kowa da rabonsa." Nan ya gane tsohuwa tana bayan autanta.

Wata safiya ya riga kowa dawowa daga masallaci, ya je ɗiban ruwa, sai ya ga ƙwarya a bayan randa an rufe ta da faifai. Ya ɗaga. Rubutu ne, baƙi ƙirin, ga allon da aka wanke an jingine shi yana kallon bango.

Au, abin har ya kai ga malamai? Wato Inna ta je wurin Malam Bukar, Babarbaren nan na Ƙofar Mazugal da rubutunsa ba ya faɗuwa ƙasa banza, don ɗanta ya samu aiki. Ayar Allah a kan neman gajeren wando! Ran Nata'ala ya ɓaci ƙwarai.

Bai yi wata-wata ba. Ya yi bisimilla, ya kafa kai, ya shanye tas. Ya zuba ruwan randa a ƙwaryar, ya kankaro baƙin tukunya ya dama, ya mayar da faifai. Can sai ga Ɗantani da yatsunsa duk tawada, ya ɗauki ruwan baƙin tukunya ya kwankwaɗe, ya shafe fuska da sauran. Nata'ala ya juya baya don kada dariya ta tona shi.

Haka aka yi gobe, haka aka yi jibi. Kullum Nata'ala na sallame salla zai zabura gida, ko hannu ba ya tsayawa ya ba mutane. A ganinsa ceto yake yi: yana fitar da kalmomi masu tsarki daga cikin mai neman halaka, yana zuba su a cikin da ya dace.

Ran nan ya haɗu da Malam Bukar a hanyar Dala. Malam ya ce, "Ina Inna? An kwana biyu ban ji ɗuriyarta ba." Nata'ala ya yi murmushi a ransa. Malamai da iya rufin asiri!

Abu ɗaya ne ya dame shi. Ƙazantar nan ta fara manne masa. Mai kaya zai shimfiɗa fatar akuya a gaban rumfa, sai ya ji wani abu a cikin kansa ya ce "goat". Ya yi a'uziyya, ya kurkure baki, ya tofar har sau uku. Lallai Shaiɗan ya shigo gidan, kuma babu maganinsa sai ƙarin rubutu. Daga ranar ko ɗigo bai ƙara bari ba, har yatsa yake sawa ya lashe gindin ƙwarya.

Safiyar Litinin ƙwaryar ta cika fal, tawadar ta yi kauri kamar kunu. Nata'ala ya shanye, ya yi gyatsa, ya yi hamdala.

Bayan azahar Ɗantani ya shigo zaure yana jan ƙafa, hula a hannu. Ba sai an tambaya ba. Ya zube a tabarma ya ce, "Yaya, na faɗi. Ina tsayawa gaban Baturen komai ya gudu. Ko goat da ya tambaye ni, na rasa."

"Akuya," in ji bakin Nata'ala, kafin mai bakin ya ankara. Ya yi maza ya tofar da yawu, ya gyara murya. "To, ka dai gani. Rubutun Malam Bukar ma ya ƙi ka."

Ɗantani ya ɗago kai. "Wane Malam Bukar? Ai ni nake rubuta kalmomin Turancin da hannuna a allo, in wanke in sha ko za su zauna, kwana goma sha biyu ko ɗaya ba ta zauna ba, kuma na yau da na fi cika wa tawada darasin dabbobi ne, tun daga kare har alade."