Buroshin Askin Jafaru

Jafaru ya shaƙo wuyan rigar Amaechi mai shago ya haɗa shi da kanta, kwalaben turare suka zube suka farfashe.

"Dubi fuskata!" ya daka masa tsawa. Haɓarsa ta yi jawur, ta kumbura kamar wanda rina suka harba. "Buroshin aski na biyu ke nan da ka sayar mini. Da na shafa kumfa sai fuskata ta kama da wuta. Guba kake sayarwa?"

"Oga, kai ka ce mai araha kake so," in ji Amaechi da ƙyar. "Amma buroshi ba ya ƙona mutum!"

Jafaru ya kifa masa mari. Nan take 'yan kasuwar Sabon Gari suka rufar masa, wannan da sanda, wancan da benci. Da ƙyar ya kuɓuta, riga a yage, haƙori ɗaya a tafin hannu. Ya faɗa keke zuwa Samaru yana rantsuwar sai ya dawo.

A ƙofar gida ya tarar da matarsa Barakatu tana gasa kifin da take sayar wa ɗalibai.

"Innalillahi! Maigida, wa ya yi maka haka?"

Hannunta ya ƙura wa ido. Buroshinsa ne take tsomawa cikin kwanon mai da attarugu tana shafe kifin.

"Au, wannan? Ai kullum ina ɗauraye shi in mayar maka inda kake ajiyewa. Wallahi ya fi na farkon riƙe yaji."