Hannun Babana

"Goge hannun nan a wando bayan kun gaisa ya yi kyau, kar ka daina," in ji daraktarmu.

Ban ma san na yi ba. Babu wannan a rubutun wasan waƙar da muke gwadawa a birnin Leeds na Ingila, inda ni, Bature, na fito a mai gidan haya mai ƙyamar baƙar fata.

Abokin wasana, wanda baƙar fata ne, ya yi dariya. "Dattijo, ko wurin shan shayi haka kake min, sati shida ke nan."

Haka babana yake yi in ya gaisa da baƙar fata. Ban san na gada ba.

Ranar buɗe wasa, muna waƙar ƙarshe, abokin wasan nawa ya damƙe hannuna. "Yau wandonka ya huta."

"Na gode," na ce.

Har labule ya sauka, ni ne na ƙi saki.