Kowa Mai Dabara

Ranar da wata mata ta iske ɗiyarta zaune bisa taga, yara ɗari da goma sun cushe aji, sai ta ja hannunta, ta ce wa malamin, wanda suke kira mushe, "Mushe, ga garkenka nan. Tawa ba tunkiya ba ce."

Ta sai da albasarta, ta kai yarinyar lakwal, makaranta ta kuɗi, a Madawa, tana taƙama ita kaɗai Allah ya ba dabara. Ashe duk unguwar masu dabara ne.

Bayan wata biyu ta tambaye ta, "Ina kike zama yanzu?"

"Ƙasa, Inna. Amma direkta ya ce ta siminti ce."

Washegari ta leƙa tsohon ajin. Yara talatin ne, kowa da kujerarsa, mushe har ya san sunayensu.